Ɗan Farin Inna Zara'u

Ranar Lahadi ce, kasuwar Tasawa ta cika. Ina kan keke ina ɗinka wa wani baƙo wando, sai Ɗan Baba direba ya tsaya bakin rumfata. Bai zauna ba, bai kuma tsokane ni yadda ya saba ba. Ya cire hula ya mayar, sannan ya ce, "Mati, sai haƙuri. Mamudu ya riga mu gidan gaskiya. Can Agadas, yau kwana tara. Tari ne."

Na ce innalillahi, amma ƙafata ba ta daina taka keken ba. Sai da na kai ƙarshe na yanke zare, sannan na ga ashe bakin ƙafar wandon na ɗinke ruf.

Ni da Mamudu ƙauyenmu ɗaya, cikin ƙasar Hawandawaki, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Shi ne ɗan farin Inna Zara'u. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Uwarsa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaga ido ta dube shi gaban mutane. In ta dama fura sai ta miƙa wa ƙanwarsa Safi ta ce, "Kai wa wancan." To amma curin da ke cikin ƙwaryar wancan ya fi na kowa girma. Babu wanda yake ganin abin wani iri. Kunyar ɗan fari ce, uwata ma haka take yi da yayana.

Tun muna yara shi mai dogon tunani ne. In mun je ban ruwan awaki, ni ina jan guga, shi yana kwance rub da ciki bakin rijiya yana leƙe. Wata rana ya ce mini akwai gari can ƙasa, mutanensa suna ganinmu, kuma sararin samaniyarsu bai fi faifai ba. Na ce ya tashi ya kama igiya, ko in aika shi ya gaishe su.

A farin farko, da ruwan sama ya ƙi, ya tafi, shekara guda kafin soja su karɓi mulki. Ya sauka Ikko, ya samu aiki a wani gidan ƙanƙara bakin teku, inda masu kifi ke saye. Shekara goma sha biyu ya yi. Babansa ya rasu ba ya nan. Jefi-jefi yakan aiko da turmin atamfa ya ce a ba mutan gida, kowa kuma ya san wa ake nufi.

Ya dawo shekarar da aka sake korar baƙi daga Nijeriya, bayan daminar nan da hatsi ya ƙone tun yana kai gwiwa. Ni a lokacin na riga na kafa kekena a Tasawa, sai ranar Juma'a nake leƙa gida. Safi ce ta ba ni labarin isowarsa. Jaka ɗaya ya zo da ita, takardunsa duk sun salwanta wajen turereniya a kan iyaka. Inna Zara'u na tsakar gida ya yi sallama. Ta tsaya cik, ta juya ta shige ɗaki, ta aiko masa da ruwa. Safi ta ce ƙwaryar ta iso rabi, sauran ya zube tun a hannun Inna.

Watannin nan na bazara, in na zo nakan same shi ƙarƙashin gawon gonar babansa. Gonar ta koma rairayi zalla, amma shi ba haka yake ganinta ba. Sai ya nuna da kara: nan hatsi, can wake, can gefe kuma yakuwa saboda miyar mutan gida. Yana faɗi a hankali, idonsa rabi a rufe, har ni ma sai in fara jin motsin ganye. Daga nan ya koma labarin ƙanƙara. Ya ce akwai ɗakin da in ka yi magana, maganar kan fito fara kamar hayaƙi, ka gan ta tana tafiya wajen mutum. Ya ce da rana tsaka yakan sa rigar bargo. Ya nuna mini yatsunsa da sanyi ya tsattsaga.

Na ce, "Kai dai Mamudu, ka tafi da mafarki ka dawo da buhunsa."

Ya ce, "Shi kaɗai ne ba su karɓe ba a kan iyaka."

Bai son sake fita. Ya faɗa mini haka ba sau ɗaya ba. Ya ce ya gaji da zama inda in ya mutu sai an tambayi daga ina yake. Sai dai rumbunsu wayam, irin shuka ma an cinye.

Ana haka aka yi shela cewa an kafa wani kwamiti a Tasawa da zai rubuta waɗanda suka dawo daga waje ba aiki. Wanda sunansa ya shiga, za a ba shi buhun dawa biyu da irin shuka, a kuma sa shi aikin gina rijiya ana biyansa da abinci har kaka. Wannan ya isa ya riƙe gidansu, ya isa ya zaunar da shi. Ni na raka shi zuwan farko. Aka duba littafin ƙauyenmu, babu sunansa, don tuni babansa ya sa aka cire shi, tun da ba a biya wa wanda ba ya nan haraji. Komi, wato magatakardan da ke rubutu, ya ce mai takarda ya nuna takarda, wanda ba shi da ita ya kawo uwa ko uba su shaida shi da bakinsu. Ya ce Alhamis za a rufe.

Da muka fito na ce, "To, sai Inna."

Mamudu ya dubi hanyar gida. Can ya ce, "Kai za ka faɗa mata."

Na je na durƙusa na faɗa mata. Tana tsince ganyen tafasa busasshe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Alhamis ɗin nan?" Na ce ita. Ta ce, "Allah ya kai mu."

Da amalanken jaki muka taho. Ta zauna a baya ta juya mana baya, ƙafafunta na reto, tana kallon hanyar da muka baro. Rairayi na riƙe ƙafar amalanken, muna sauka muna turawa. Mamudu ya yi ta ba ni labarin jiragen ruwa da ƙarfi fiye da yadda kunnena ke buƙata. Na gane ba ni yake ba labarin ba.

Mun tarar da layi har bakin titi. Tebur ɗaya ne ƙarƙashin itacen bedi, komi na rubutu, gefensa wani sarzan na soja mai jan ido yana korar ƙuda da hularsa. Mutane sun yi da'ira suna kallon duk wanda aka kira. Sai bayan azahar aka zo kanmu.

Sarzan ya ce, "Iya, wannan wane ne?"

Inna Zara'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Ɗan gidanmu ne."

"Ban tambaye ki gida ba. Ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai. Wata tsohuwa cikin layi ta ce, "Wayyo, ɗan fari ne," wasu suka yi ƴar dariya, ba ta mugunta ba.

Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, kunya ce. Shi ne na farinta."

Komin ma ya karkata ya yi masa magana da Faransanci ƙasa-ƙasa. Sarzan ya ce ya san kunya, shi ma mace ta haife shi. Amma jiya mutum uku suka zo da tsohuwa ɗaya, kowanne ya ce uwarsa ce, da aka tambaye ta suna sai ta rufe fuska. Ya ce tun daga nan ya rantse ba ya sa hannu sai ya ji suna. Ya sassauta murya ya ce, "Iya, abu kaɗan ne. Ƴaƴanki nawa?"

"Huɗu suka rayu."

"Lissafa su."

Ta ce, "Jatau. Lami. Safi."

"Uku ke nan. Na huɗun fa?"

Ina tsaye kusa da ita, na ga bakinta ya buɗe ƙarƙashin mayafi. Na ga zufa na bin wuyanta. Ta kama gefen tebur da hannu ɗaya. Mace ce da ta shekara talatin da wani abu tana kewaye kalmar nan kamar yadda ake kewaye kabari a gona, yau an ce ta taka ta gaban kasuwar mutane.

Sai Mamudu ya yi magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku bar ta. Ba uwata ba ce. Maƙwabciya ce, ni na roƙe ta."

Na ce, "Mamudu!"

Bai dube ni ba. Sarzan ya kalle shi, ya kalli tsohuwar, ya daɗe. Ina jin ya gane. Amma magana ta riga ta fita gaban jama'a. Ya ce, "Allah ya taimake ka yau na gaji, da ka kwana a rufe. Na gaba!"

A hanyar komawa haushinsa nake ji. Inna Zara'u ta zauna yadda ta zauna da safe. Wajen rabin hanya, ba tare da ta juyo ba, ta miƙo hannu baya ta ajiye ƙullin gujiya kusa da gwiwarsa. Ya kwance, ya ba ni rabi.

Na yi ƙoƙari bayan haka. Na je wurin liman, na je wurin mai gari, muka koma tare, aka ce an riga an tura takardun gaba. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta suka fita shuka, shi ya tsaya bakin gonar babansa yana shaƙar ƙamshin ƙasa. Mun haɗa masa tiya biyu ta iri, ya shuka abin da ta kai, ya bar wa Jatau noman. Ya ce baki ɗaya in ya ragu a gidan, sauran za su kai kaka. Ya ji ana neman masu buga tubali a Agadas.

Shekara biyu ke nan da tafiyarsa. Yana aiko da abin da ya samu ta hannun Ɗan Baba, kowane zuwa da saƙon cewa baɗi zai dawo ya zauna. Jiya na je ta'aziyya. Inna Zara'u na zaune cikin mata, carbi a hannu. Na gaishe ta, ta amsa, ta ce, "Abokinka ya tafi." Ko yanzu iyakar abin da ta ce ke nan.

Ni na raka shi tasha ranar da zai tafi. Da hantsi ne, ana ɗaure kaya bisa kamiyo, babbar motar kaya, muka raɓe inuwar taya. Abin da na riƙe a ciki tun ranar Alhamis ɗin nan ya fito.

Na ce, "Da ka yi shiru kaɗan. Wallahi ta kusa faɗi, na ga bakinta."

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa."

"Shi ya sa mi? Buhu biyu, da iri, da aiki har kaka! Da yanzu kana gonarka."

Ya yi murmushin nan nasa, yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Ka tuna da safen, kafin ka zo da amalanke? Na zagaya bayan rumbu neman igiya. Sai na ji ta. Tana tsugune gaban akuyar nan tamu, ta ɗauka ba kowa. Gwaji take yi."

"Gwajin mi?"

"Sunana. Akuyar take faɗa wa. Na farko ya maƙale. Na biyu ya fito rabi. Na uku ta faɗe shi duka, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Mati, ban taɓa sanin haka sunan yake ba."

Direba ya danna oda. Mamudu ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya saɓa jaka.

Na ce, "To ai da ka bari ta ƙara na huɗu."

Ya ce, "A'a. Ukun nan nawa ne. Na huɗun da na sarzan zai zama."

Ya kama ƙarfe ya hau, ya samu wuri bisa buhunan albasa. Na ɗaga murya na ce, "Yaushe za mu gan ka?"

Ya ce, "In hatsi ya kai kafaɗa, aiko mini. Kuma ka riƙa leƙa mutan gida."

Na ce, "In sha Allahu."