Farar Ƙafar Wagiran Mai Faci

Shekara goma sha tara na yi a bayan tagar sayar da tikiti a filin ƙwallon garinmu, kuma a duk shekarun nan babu ranar wasan da ban miƙa wa Wagiran tikiti ba. Shi ne mai facin da ke gindin tsamiya a kan hanyar masana'antar sukari. Ranar wasa yakan rufe rumfarsa da azahar, ya yi salla, ya saka tsohuwar jesinsa ruwan ɗorawa wadda wanki ya gama cinye kalarta, ya taho a ƙafa. Kullum sai ya sunkuyo ta taga ya ce, "Darmaji, nawa ne yau?" alhali kuɗin a rubuce suke a allo bisa kansa, kuma sai a yi shekara biyar ba su motsa ba. Ni kuma in ce, "Yadda ka bari ne, Kang." Ya ba ni shekara goma sha biyu, don haka yaya ne a wurina, wato Kang a yarenmu.

Ubansa mai saran rake ne, a kafaɗarsa ya fara shiga filin. Tun daga nan wurin zamansa bai canza ba: dakali na bakwai a ɓangaren gabas, kusa da tutar kwana, inda ranar la'asar ke dukan fuskar mutum sosai, shi ya sa nan ne mafi araha. Ba ya waƙa, ba ya zagin alƙalin wasa. Yakan zo da shinkafa da miyar gyaɗa a naɗe cikin ganyen ayaba, ya ci a hutun rabin lokaci. In an ci mu ya ce Allah ya kai mu mako mai zuwa. In mun ci ma haka zai ce. A zamanin da ƙungiyar ba ta da ko sisi, shi ke yi mata facin ƙwallaye, bai taɓa karɓar komai ba. Matarsa Tumirah tana soya awara a bakin kasuwa, 'yarsu ɗaya tana aure can tsibirin Kalimantan. Ban da ƙwallo, abin da ya mallaka na jin daɗi kurciya ce mai daɗin kuka, a keji, yana rataye ta a reshen tsamiyar yana aiki.

Ƙungiyarmu, 'Yan Rake, ta shekara ashirin a rukuni na biyu, ba ta hawa ba ta faɗuwa. Sai wani kamfani daga Jakarta ya saye ta. Abu na farko da suka yi shi ne toshe tagata da bulo. Tikiti ya koma waya, ni kuma aka ba ni wata 'yar na'ura aka tsayar da ni a ƙofar gabas ina haska wayoyin mutane. Manajan da suka turo ya tara mu ya yi bayani cewa daga yau tikiti ba shi da tsayayyen kuɗi, zai riƙa hawa da sauka kamar barkono a kasuwa. In mutane sun yi rububi ya hau, in sun ja baya ya sauko. Ya ce wannan shi ne adalci. Na karɓi na'urata na kama aiki, ina da 'ya'ya huɗu.

Wagiran ba shi da babbar waya, sai muka shirya in riƙa saya masa a tawa, ya shigo ta ƙofata. Tambayarsa ta "nawa ne yau" ta tashi daga gaisuwa ta zama tambaya ta gaske. A da rupiya dubu ashirin ne. Shi kuma ranar da kasuwa ta yi kyau yakan tashi da dubu sittin, a ciki za a ci a sha. Ya yanka wa kansa iyaka: in ya wuce dubu talatin da biyar, ba zai shiga ba.

To ga yadda abin ya riƙa tafiya. In 'Yan Rake suka ci wasa biyu a jere, gari ya ɗauki zafi, har waɗanda ba su san sunan mai tsaron ragarmu ba sai su nemi tikiti, kuɗi ya haura dubu tamanin. Wagiran sai ya zauna a rumfarsa da rediyo. In ɗan wasan gabanmu ya ji rauni, ko aka lallasa mu a waje, 'yan ganin dama su watse, kuɗi ya faɗo dubu goma sha biyar, sai ga shi da jesinsa da ƙunshin shinkafarsa. Ƙungiyar da ke cikin tsaka mai wuya kuwa ba ta warkewa rana ɗaya. Sai ya zamana yawancin wasannin da ya shiga, an ci mu.

Wanda ya fara lura shi ne Gendut, shugaban magoya bayan ɓangaren gabas, mai buga babbar ganga. Yana da shagon sayar da kayan waya, kuɗin tikiti ba ya damunsa. Wata Asabar ana yayyafi, filin fayau, ya hango Wagiran yana hawa dakali sai ya ce, "Mbah ya iso, jama'a a naɗe tuta a kama hanya." Mbah, wato kaka, haka matasa ke kiransa. Aka yi dariya, Wagiran ma ya yi. Ranar aka zura mana uku.

Kamar da wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Wani ya zauna ya jero wasanni tara da aka ga Wagiran a fili, ya tura a zauren magoya baya na waya: an ci mu shida, canjaras ɗaya. Biyun da muka ci babu wanda ya kula da su. Aka ce dattijon farar ƙafa gare shi. Wasu suka ce tun ranar Alhamis da aka haife shi lissafin taurarinsa bai dace da ranar kafa ƙungiyar ba. Na yi bayani a rumfar gahawa har maƙogwarona ya bushe. Na ce, ku mutanen nan, ba zuwansa ne ke sa a ci mu ba, cin mu da ake yi ne ke sa ya iya zuwa. Suka ce, "Ai ka faɗa da bakinka, Pak Darmaji, duk inda aka ci mu yana nan." Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, na bar gahawata ban shanye ba.

Babu wanda ya taɓa gaya masa baƙar magana. Mu ba ma haka da dattijo. Sai dai dakali na bakwai ya fara faɗi. Mutumin da ya shekara goma yana zaune a gefensa ya koma layi na goma sha biyu, wai rana. Masu babur suka daina kai masa faci ranar jajiberin wasa. Ya gane sarai. Wata rana ina zaune a benci yana murza tayar babur a cikin ruwa yana neman inda ta huje, ya ce, "Darmaji, shekara hamsin da ɗaya ina zuwa. Har shekarar da muka ci kofin lardi ina wurin. Ƙafar tawa a lokacin wace kala ce?" Na ce masa ya rabu da su. Ya ce ai ya rabu.

A kakar wasa ta uku ta kamfanin, 'Yan Rake suka kama wuta. Wasa goma sha ɗaya ba a ci su ba, kuma ko ɗaya Wagiran bai gani ba. Ya rage wasa guda, a gida, ranar Lahadi: in muka ci, mun hau rukuni na ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a garin. An buɗe sayar da tikiti ranar Litinin a kan dubu ɗari da hamsin. Kafin la'asar ya ninka.

Ranar Talata da safe ya zo gidana, ya zaro kuɗi daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Dubu ɗari huɗu. Na tambaye shi inda ya samo. Ya ce wani mai shagon zinariya ya daɗe yana son kurciyar.

"Kang, kurciyar taka?"

"Ita ana samun wata. Wannan wasan ubana ya mutu bai gani ba. Saya kafin ya ƙara hawa."

Na saya. Sun riga sun shafa wa dakalan lambobi da fenti, na nemo masa lambar wurinsa daidai.

Garinmu ba ya riƙe magana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Gendut ya je gidan Wagiran da mutum biyu, ɗauke da sukari kilo biyu da ganyen shayi da kwalin taba mai kanumfari. Tumirah ce ta aiko a kira ni, don ta san abin da ya kawo su. Suka zauna a tabarma, kai a sunkuye, suka yi ta zagaye-zagaye kusan awa guda: lafiyar gwiwar Mbah, tsadar shinkafa, 'yar da ke Kalimantan. Can Gendut ya gyara zama.

"Mbah, Lahadin nan cunkoso zai yi yawa. Ga rana. Mu dai tunanin lafiyarka muke yi."

"Lafiyata ƙalau, yaro."

"Haka ne, Mbah. Sai dai yaran nan namu, ka san zuciyar matasa. In wani abu ya faru, ba mu san inda za su sauke fushinsu ba. Tikitin yanzu ya kai dubu ɗari takwas. Mun haɗa, za mu saya a hannunka a haka. Ka karɓo kurciyarka, har da canji."

Tumirah ta leƙo daga kicin ta ce, "Gendut, ranar da uwarka ta haife ka mijina yana filin nan." Wagiran ya ɗaga mata hannu ta koma. Ya tura musu kofunan shayi ya ce su sha kar ya huce. Game da tikiti bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Kuɗin dai bai taɓa su ba, suka tashi da abinsu.

Ranar Lahadi tun ƙarfe ɗaya layi ya kai bakin titi. Wajen uku saura na hango jesin nan da ta koɗe a cikin sababbi. Ya bi layi kamar kowa har ya iso gabana, da ƙunshin ganyen ayaba a hannu. Na fito da wayata zan haska. Waɗanda ke bayansa suka zuba masa ido. Daga ciki ana jin gangar Gendut da muryar mutum dubu ashirin.

Ya riƙe mini hannu. "Dakata tukuna."

"Shiga, Kang. Kuɗinka ne, wurinka ne."

"Na sani." Ya leƙa ta ƙofar, daga nan ana hango ɗan yankin ciyawa da tutar kwana. "Darmaji, kai ka tabbata ba ni ba ne?"

"Wallahi na tabbata."

"Ni ma jiya na tabbata." Ya saki hannuna. "In na shiga aka ci mu, shekara ashirin ta mutanen nan ce. Ba zan iya ɗauka ba."

Ya fita daga layi, ya tsallaka titi, ya zauna a gefen kwalbati wajen masu ajiye babura. Ina aiki ina hango shi. A hutun rabin lokaci ya kwance shinkafarsa ya ci. Saura minti bakwai a tashi muka zura ɗaya, filin ya girgiza har ƙofar ƙarfen da nake jingine da ita tana rawa. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama shi kaɗai a tsakanin babura, hawaye na zuba a fuskarsa. Da aka tashi na je na same shi. Ya ce in ba shi labarin ƙwallon. Na ce ni ma ban gani ba, bayana na ba fili. Sai muka tsayar da wani ya gaya mana.

Washegari Gendut ya je rumfar faci ya sumbaci hannunsa a gaban mutane, ya ce Mbah ne ya hau da mu. Da gaske yake, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Daga ranar babu wanda ya ƙara sauraron bayanina, tunda ga hujja kowa ya gani da idonsa.

Yanzu shekara biyu muna rukuni na ɗaya. Manyan ƙungiyoyi ke zuwa, tikitin gabas bai ƙara saukowa ƙasa da dubu ɗari ba, ko ana ruwa. An shimfiɗa kujerun roba a kan dakalan. Duk jajiberin wasan gida magoya bayan gabas suna aika wa Wagiran shinkafa kilo biyar da sukari. Kowa ya san ma'anar aiken. Yana karɓa ya yi godiya, don ba a mayar da hannun kyauta baya, sai Tumirah ta raba wa maƙwabta, ta ce ba za ta dafa a tukunyarta ba. Masu babur sun dawo da faci. Kejin yana nan rataye a tsamiya, bai sayi wata kurciyar ba.

Ranar wasa har yanzu yana rufe rumfa da azahar, ya saka jesinsa, ya taho a ƙafa da ƙunshinsa. Ba ya shiga layi. Yakan tsaya daga gefen ƙofata har in samu sarari, sannan ya matso.

Makon jiya ya ce, "Darmaji, nawa ne yau?"

Na duba waya na ce, "Dubu ɗari biyu da saba'in, Kang."

Ya jinjina kai. "Madalla. Ashe yaran suna ƙoƙari."

Ya tsallaka titi ya zauna a gefen kwalbati.