Bidiyon da na ɗauki kakana yana yoga

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a jami'ar da ke garinmu Wudil, na yi wa kakana wani wasa wanda har yau nake nadamarsa. Ɗazu na ga wata ta saka bidiyon kakarta tana taka rawa, kowa yana ta dariya a ƙasan bidiyon, shi ya sa na ce bari ni ma in ba ku nawa labarin.

Kakana na wajen uba masunci ne. Tun yana saurayi yake tuƙa kwalekwale yana jan koma a kogin Wudil, har bayansa ya ce ya gaji. Da ya bar ruwa sai ya zama dattijon da masunta ke kawo wa ƙara in sun saɓa. Mutum ne mai kwarjini, 'ya'yan cikinsa ma ba sa haɗa ido da shi. Ni kuwa jika ce, kun dai san tsakanin jika da kaka. Yana ce min amarya, ina ce masa ango marar haƙora. In na kai masa abinci ya ce gishiri ya yi yawa, yau sai ya sake ni, in ce ya yi sauri, dama na gaji da auren tsoho.

Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi: shekara huɗu ke nan bai iya sujada ba. Ciwon baya ya mayar da shi salla a kan farar kujerar roba, a ƙarshen sahu. Malamai sun sha gaya masa ladansa cikakke ne, ya ce ya sani, shi dai goshinsa ne yake kewar ƙasa. Abin ya sa masa ƙunci. Barci ba ya zuwa, faɗa kuwa har da rediyo yake yi.

Baffana ne ya kai shi asibiti a Kano, sashen da ake gasa ƙashi. Likitan ya duba shi, ya ce ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Ya ba shi wata takarda mai zanen mutum yana lanƙwasa iri-iri, ya ce, "Baba, yoga ake ce wa wannan. Miƙa ce da numfashi, a hankali, kullum da safe." Kakana ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Ba dai bautar wani abu ba ce ko?" Likitan ya ce a'a. Duk da haka sai da ya tuntuɓi limamin unguwarmu, shi ma ya ce in dai miƙa jiki ne don neman lafiya, babu laifi.

Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya gan shi. Da hantsi yake rufe turakarsa ya shimfiɗa tabarma, ni kaɗai nake shiga, saboda ni ce mai karanta takardar da ƙirga masa numfashi. Ya ce, "Amarya, ke ai matata ce, ba kunya tsakaninmu. Amma in kika bari iyayenki suka leƙo, a bakin aurenki."

Ranar farko ko gwiwa bai iya durƙusawa a kai ba sai da matashi. Yana nishi yana zagin likitan. Ina ce masa, "Ja iska, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sake ta a hankali." Yana cewa, "Shekara saba'in ina numfashi, yau ke za ki koya min?" Amma bai fasa ba ko sau ɗaya. Wata guda ya fara barci har da minshari. Rediyo ta huta. Wata biyu ya iya ruku'u a tsaye, yana dafe da gwiwoyinsa. Kakata har tambayata ta yi ko wani rubutu nake ba shi a ɓoye, don ta ga ya daina yi mata ƙorafin miya.

A cikin zanen akwai wanda mutum zai durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ya gantsare bayansa, sannan ya tanƙwara shi sama kamar mage ta tashi daga barci. Wata Talata yana cikin yi, ido a rufe, gemu yana lilo, dariya ta ciyo ni. Na zaro waya na ɗauke shi bai sani ba. Na tura a guruf ɗinmu na jikoki, na rubuta: "Angona ya koma mage." Wallahi ban ɗauke shi komai ba. A lissafina duk jikokinsa ne, kowannenmu yana da lasisin tsokanarsa. Ni mai karatun jami'a, ban yi tunanin waya ba ta san jika ba.

Washegari Laraba, bayan mun gama, sai ya ce in matsa. Ya juya ya fuskanci alƙibla, ya durƙusa, ya dafa tabarma, ya yi ta sauka kaɗan-kaɗan har goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya daɗe a haka. Ina jin yana tasbihi. Da ya ɗago, gemunsa ya jiƙe. Ya ce, "Amarya, kin gani?" Na ce na gani. Ya ce, "Kada ki gaya wa kowa. In Allah ya kai mu jibi, ba da kujera zan tafi masallaci ba. Ina so su gani da idonsu."

Ashe tun daren Talata wani ɗan baffana ya ɗora bidiyon inda kowa zai gani. Kun san Juma'a ita ce ranar kasuwar Wudil, gari cike yake da baƙi. Kafin azahar bidiyon ya zaga bakin kogi, ya shiga kasuwa, ya kai har Dagumawa wajen surukansa. Kakana ya fito cikin babbar riga, ba kujera a hannunsa. A hanya wasu samari masu sayar da kifi, waɗanda iyayensu ke durƙusa masa, suka yi kukan mage a bayansa. A ƙofar masallaci wani sa'ansa ya ja shi gefe, ya nuna masa a waya, ya ce ana ta faɗin wai ya shiga addinin Indiyawa. Bai shiga masallacin ba a lokacin. Gida ya dawo ya ɗauki kujerarsa, sannan ya koma.

Da yamma ya aika a kira ni. Na shiga, na zube, na ce, "Ka yafe min, wasa nake yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na sani. Ke jikata ce. Ki ce min mage, ki ce min abin da ya fi mage, dariya zan yi. Amma waɗancan yaran, wasan me ke tsakanina da su?" Ya naɗe tabarmar, ya miƙo min takardar likitan. "Riƙe. Na yafe miki."

Na yi kuka, na yi magiya. Baffana ya roƙe shi, liman ya zo har gida ya ce kowa ya san ƙarya ake yi masa. Na rantse zan riƙa barin wayata a tsakar gida. Ya ce ba wayar ba ce, shi ne da zarar ya durƙusa sai ya ji idanun gari a bayansa, numfashin ya ƙi ƙirguwa. Sau ɗaya ya gwada don ya faranta min, ko minti biyu bai yi ba ya ce in taimaka masa ya tashi. A hankali bayan ya sake riƙewa.

Ya ƙara shekara uku a duniya. Bai taɓa yi min gori ba. Ya ci gaba da ce min amarya, ya ci gaba da sakina saboda gishiri. Da ma ya yi fushi, ina jin da ya fi min sauƙi.

Yanzu ni ma ina yin miƙar nan da safe in aiki ya sha min kai, da takardarsa nake yi, duk ta yi laushi. Tana min amfani ƙwarai, kuma nan ne ma ciwon yake, don na san abin da na raba shi da shi. Na fahimci wasan da aka ba ka dama ka yi da mutum naka ne kai kaɗai, ba a ba ka don ka raba wa gari ba. Mai neman lafiya kuma, in ya ce a rufe ƙofa, a rufe.

Ranar da ya rasu, wasu har da bidiyon nan suka sanar da mutuwarsa, suna rubuta Allah ya ji ƙansa a ƙasan bidiyon. Duk Wudil ta ga kakana yana mage. Sujadar nan ta ranar Laraba kuwa, ita ce ta ƙarshe da goshinsa ya taɓa ƙasa, kuma ni kaɗai na gan ta.