Gonar Malam Wane

Cikin shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata a kakar 1956, da na isa ajina a Utai na tarar da tabarmi huɗu a shimfiɗe, ba kowa a kansu. Ku malamai matasa kun sha tambayata me ya sa nake hana ku tambayar ɗalibi abin da ke cikin rumbun gidansu. Daga nan abin ya samo asali.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai. Ƙa'ida ita ce, kafin a ba mutum takardar shaida sai ya fita koyon aiki na mako shida. Ana ba kowa littafin shirin darasi, shafukansa da lamba, kowanne da hatimin makaranta. A makon ƙarshe malamin da ke duba ka zai zo ba sanarwa, ya zauna a bayan aji, ya ƙirga ɗalibai, ya karanta littafin. In aji ya watse, ko shafi ya ɓace, ka faɗi. Ni kuwa ba ni da halin faɗuwa. Mahaifina ya daɗe yana haƙurin rashina a gona, ga kawuna kullum yana yi masa gori cewa takarda ba ta cika rumbu.

Ajin manya aka ba ni, samari goma sha takwas, muna haɗuwa bayan la'asar a gindin wata ceɗiya. Aikina in koya musu lissafin kuɗi: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, domin in sun kai gyaɗa Wudil su iya bin lissafin mai saye, ba su tsaya sai abin da aka miƙo musu ba. A Wudil na sauka, gidan Malam Ladan, aminin mahaifina, wanda shi ne malamin haraji a yankin. Da ya ga tafiyar da nisa, sai ya ara mini kekensa, wani baƙi mai jakar fata a bayan sirdi. Na yi ta godiya.

Ni mutum ne mai kunya, muryata ba ta da ƙarfi, don haka komai sai na shirya shi a rubuce. Na karanta cewa darasi ya fi shiga in an gina shi da abin da ɗalibi ya sani. Saboda haka a mako na biyu na bi su ɗaya bayan ɗaya: buhun gyaɗa nawa ake sa rai a gidanku, damin dawa nawa, awaki nawa. Na ja layuka da rula, na sa sunan kowa da na mahaifinsa da unguwarsu, da jan tawada don ya yi kyau. Na lura suna amsawa kansu a ƙasa, kuma kowa ya zama matalauci. Wani ya ce akuyarsu ɗaya ce, ita ma ta maƙwabta ce. Na ɗauka kunya ce irin tawa.

Washegari mutum goma sha ɗaya suka zo. Sai biyar. Ran Talata, ba kowa.

Garin ma ya sake mini fuska. Gaisuwar da a da sai an tambayi gida da gajiya da mutanen Wudil, ta koma "lafiya lau" a tsaye. In na kaɗa ƙararrawar keke, sai in ga ana jan buhuna bayan zana. Ni ma zargi ya kama ni. Na zargi masu sayen gyaɗa, na ce su ne ba sa son samari su waye. Na zargi mai unguwa. Har wani abokin karatuna da aka tura Lajawa na zarga, don mun daɗe muna tseren na ɗaya.

Ran Juma'a a kasuwar Wudil na hangi Tanko, wanda ya fi kowa kaifin kai a ajin, tsarana ne. Yana tsaye kusa da sikeli yana kallon yadda ake awo. Da ya gan ni ya so ya sulale, na daure na sha gabansa. Bayan mun gaisa sai ya ja ni gefe.

"Malam, tsakani da Allah, wa ya aiko ka?"

Na ce makaranta.

"Makarantar ce ta ba ka keken Malam Ladan? Keken nan in ya shigo gari, ko jariri ya san an zo rubuta kawunan masu biyan haraji. Kai kuma ka zo a kansa, ka tambayi buhu, ka tambayi dami, ka rubuta har da sunan uba. Da jan tawada kuma. Shi Malam Ladan ma da baƙa yake yi."

Ya ce mahaifinsa ya riga ya yi masa kashedi: in haraji ya hau bana, an san bakin da ya jawo. Na rantse masa ba wanda ya taɓa buɗe littafin sai ni. Ya ce shi ya yarda da rantsuwata, amma littafin a ina yake kwana? A gidan Malam Ladan yake kwana, tare da ni. Na tambaye shi mafita, ya ce ɗaya ce: a ba kowa takardarsa ya tafi da ita gida.

Shafi huɗu ne, daga na goma sha tara zuwa na ashirin da biyu. In na yanke su, na faɗi. In ban yanke ba, ba aji, nan ma na faɗi. Kwana biyu ina juya abin. Na yi tunanin in kwafe su a ɓoye kafin in yanke, sai na ga in na yi haka na zama abin da suke zargina da shi.

Ran Litinin na bar keken a zaure na taka da ƙafa. A ƙofar gidan mai unguwa, dattawa na zaune, na fito da reza na yanke shafukan, na tsaga su layi-layi, na kira kowane suna na miƙa. Ba wanda ya ce mini sannu. Mahaifin Tanko ya juya tasa gaba da baya, ya naɗe ya cusa cikin hula. Wani tsoho ya sa na ɗaga littafin sama na karkaɗe shi, ko akwai wata a maƙale.

Mutum bakwai suka dawo, sannan goma sha biyu, sannan goma sha biyar. Amma da me za mu yi lissafi? Tanko ne ya ce a yi da gonar Malam Wane. Shi Malam Wane ba shi da uba, ba shi da unguwa, ba mai iya ɗora masa haraji. Tun daga ranar kullum sai wani ya kawo matsalarsa: Malam Wane ya karɓi kuɗi kaza a hannun mai saye da damina, ya kai buhu bakwai da kaka, me ya kamata a ba shi? Na lura buhunan Wane sun fi duk abin da aka taɓa faɗa mini, kuma in an kawo tambaya sai a riƙa kallon mai tambayar ana murmushi. Wata rana lissafi ya nuna an cuci Wane sule huɗu. Kafin in ajiye alli wani saurayi ya miƙe zumbur yana neman takalminsa.

Malam Habu, mai duba mu, ya zo ran Alhamis ta makon ƙarshe. Ya ƙirga ɗalibai, ya saurari darasi, sannan ya buɗe littafin ya bi wurin yankan da babban yatsa. Ya tambaye ni ina shafuka huɗu. Ya ce ya san halinmu, darasi in ya lalace sai a cire shaidarsa.

Sai mahaifin Tanko, da ke zaune can gefe yana saƙar igiya, ya taso. Ya cire hula, ya warware 'yar takardar, ya ɗaga ta daga nesa.

"Ga tawa, Malam. Kowa tasa na wurinsa."

Malam Habu ya miƙa hannu. Dattijon ya mayar da ita cikin hula ya ce ta gani ce, ba ta taɓawa ba. Aji ya ɗauki dariya, ni kuma na samu bakin yin bayani.

Malam Habu bai nuna ya gamsu ba. Ya juya ga ajin ya ce, to, Malam Wane ya sayar da mudu arba'in a taro-taro, nawa ke nan? Taro kwabo uku ne. Tanko ya ɗan motsa leɓe ya ce sule goma, in dai mai awo bai tara hannu a bakin mudu ba.

A hanyar komawa Malam Habu ya turo kekensa ina binsa a ƙasa. Sai da muka yi nisa ya ce, "Ƙa'ida ka karya, zan rubuta. Aji kuma ka riƙe, shi ma zan rubuta." Na ci, amma an rage mini maki saboda lalata kayan makaranta. Abokina na Lajawa, wanda na zarga a banza, shi ya zo na ɗaya.

Takardar ta yi mini rana. Da albashinta na karantar da ƙannena, kuma kawuna ya daina maganar rumbu. Sai dai abin da ta iya shi ne ta tsayar da ni gaban aji. Ba ta gaya mini cewa mutum ba zai koyi lissafin kuɗinsa a wurin wanda yake zaton yana ƙirga su don wani ba.

Bayan na ajiye aiki na haɗu da Tanko a kasuwar Wudil, ya zama babban dillalin hatsi, gemu duk fari. Na tambaye shi yaya kasuwa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya rage murya.

"Ni dai ana lallaɓawa, Malam. Amma Malam Wane ya sayi mota."