Batirin da Aghali Ya Yaba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Belbeji ya san Aghali. Makiyayi ne dogo, rawaninsa ya fi shi ƙiba. Tun yana saurayi Allah ya ba shi baiwa: in ya sa hannu a ƙirjin rago ya ɗan ɗaga, zai gaya maka nama ne a ciki ko ruwa aka ɗura wa dabbar don ta kumbura. Mahauta na shakkarsa, dillalai na saya masa shayi. Ba gona, ba shago. Wannan sunan shi ne dukiyarsa, yana kuma ji da shi fiye da raƙumarsa.

Shekarar da kowa ya shiga kafa sola a kan ɗaki, sai ga wani ɗan kasuwa mai suna Idi da mota cike da kaya, ga daɗin baki. Ya ce batirinsa zai haska gida, ya cika wayar talho da caji, ya riƙe firigo har ruwa ya yi ƙanƙara.

"Baba, ai batir da nauyi ake gane shi, kamar rago," in ji Idi. "Ɗaga ka ji."

An sosa wa Aghali inda yake masa ƙaiƙayi. Ya naɗe hannun riga, ya ɗaga, ya ajiye, ya dubi jama'a ya ce, "Wannan ya ƙoshi." Ya sayar da tumaki ya saya.

Da magariba aka kunna ƙwan lantarki. Matarsa Hadijatu ta rangaɗa guɗa, awaki suka watse, dattijo na ta kunnawa yana kashewa, bakinsa ya ƙi rufuwa. Sai dai kafin a sauke tukunya wutar ta yi ja, ta mutu. Kashegari ma haka. Firigon da Hadijatu ta ci burin sayar da ruwan sanyi da shi ya koma akwatin ajiye cuku. Lambar Idi kuwa ta daina shiga.

"Maigida, mu kai ƙara wajen jandarma," in ji Hadijatu.

"In ce musu me? In ce an cuci hannuna?"

Ya gwammace duhu. Maƙwabta suka tambaya, ya ce hadari ne ya tare rana, alhali sama fes, ko gajimare ɗaya babu.

Ita Hadijatu ba ta da sunan da za ta tsare. Ta ɗora batir a kan jaki ta nufi gari, Aghali ya bi ta a baya, wai kar jakin ya ɓata. Jandarma suka buɗe batir. Wani ɗan mitsitsin batirin babur ne a tsakiya, sauran duk rairayi. Babbansu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yi musu bayani: wannan zamba ce, suna da hakki. Ko a yi sulhu gaban sarki, Idi ya maida abin da ya karɓa, ko a je kotu, amma ko wanne sai wani ya tsaya a bainar jama'a ya faɗi yadda aka yi cinikin. Aghali ya gyara rawani ya ce zai yi shawara.

Ashe labarin jakin ya riga ya zaga kasuwa. Suna fitowa sai ga mutane a ƙofa, kowa da nasa batirin, ana ta barkwanci. Zalika, wata tsohuwa mai ƙosai, ita kaɗai ba ta dariya.

"Malam Aghali, ni ban san batir ba," in ji ta. "Idi ya ce kai ka ɗaga, shi ya sa na sayar da akuyata."

Maganar ta soke shi. Ya juya ya koma wajen jandarma.

An kama Idi a kasuwar Tanut. Ranar shari'a Aghali ya miƙe gaban alƙali ya ce, "Ni ne na ce ya ƙoshi. Rairayi na yaba, mutane suka bi bakina." Kotu ta kwashe da dariya, shi ma alƙalin sai da ya sunkuyar da kai.

Aka sa Idi ya maida wa mutane kuɗinsu, Zalika ta sayi wata akuyar. Kasuwa kuwa ba ta manta ba: har yau Mai Auna Rairayi ake ce masa. Sunan yana yi masa zafi ƙwarai, amma in an kira yana amsawa.