Na Ƙi Sallah a Zaune, Ƙashin da Aka Dasa Mini Ya Mutu

Lokacin da abin nan ya same ni, ni magidanci ne mai shanun huɗa a wani ƙauye kusa da Bauranya. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan na allo. Tun ina yaro nake fama da waswasi. In na yi alwala sai na sake, in na rufe ɗaki sai na dawo na girgiza ƙofar. Mutane suna kirana mai tsantseni, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Amalanke ce ta kife da ni a hanyar dawowa daga kasuwar Kankia, ƙafata ta dama ta karye ƙasan gwiwa. Maɗori ya ɗora, damina ta wuce, ƙashi bai kama ba. Da ƙanena ya kai ni asibiti a birni, likita ya nuna mini hoto, ya ce akwai rata tsakanin bakin karayar, sai an yanko ɗan ƙashi daga ƙuguna an cike wurin, a riƙe da ƙarfe. Bayan aikin ya zauna ya yi mini bayani da harshen manoma. Ya ce abin da ya sa dashe ne, ba ƙusa ba. Ƙashin yana da rai, sai ƙananan jijiyoyin jini sun shige shi kamar saiwa kafin ya zama ɗaya da nawa, kuma motsi kaɗan yana tsinke su. Ya ce kada in taka ƙafar, kada in lanƙwasa ta, in yi sallata a zaune har ya ba ni izini.

Wannan na ƙarshe shi ya hana ni sukuni. In na idar a zaune sai in ji kamar ban yi ba. Na aika aka kira liman, ya ce Allah da kansa ya sauƙaƙa wa marar lafiya, ladata cikakkiya ce. Na sake tambayarsa, na kuma sakewa, har mai ɗakina ta ce in dai na fi liman sani, to in rarrafa in je in karɓi limancin. Na yi dariya, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Sai na shiga jiran ta fita maƙwabta, in tura ƙofa, in dafa bango in miƙe, in rama sallolin da ruku'u da sujada, in zauna a kan ƙafar. Zafin da nake ji, ɗauka nake lada ce.

Ranar da muka koma asibiti ni da ƙanena, likita ya daɗe yana kallon sabon hoton. Ƙarfen ya karkace, dashen ya mutu ya zagwanye. Ya tambaye ni ko na koma gona ne. Da na faɗa masa gaskiya sai ya ce mini shi ma yana sallah, ba zai hana ni abin da Allah ya wajabta ba. Ƙanena ko kallona bai iya yi ba. Aka sake aiki, aka yanko daga ɗaya ƙugun, aka ƙara da wani abu na bature mai kama da ɓarɓashin alli, wanda ya ce ba shi da rai, matattakala ce kawai da sabon ƙashi zai bi. Wannan karon na bi umarni. Ƙafar ta kama, amma ta gajarce, gwiwar kuma ta sandare.

Yanzu ƙanena ke bin shanuna a gona. Na gane abin da nake kira tsantseni rashin yarda ne da sauƙin da Ubangiji ya yi mini. Duk wanda aka dasa wa ƙashi, don Allah ya bar shi ya kama, ya ji maganar likita da ta malami, kada ya bi muryar nan mai cewa bai yi daidai ba. Ni an roƙe ni in zauna na ɗan lokaci na ƙi. Yau a ƙarshen sahu nake, a kan kujera, kuma goshina ba zai ƙara taɓa ƙasa ba sai ranar da aka kwantar da ni.