Jinin da Kawu Ya Ce Ba Ni da Shi

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa na shiga shaye-shaye, da masu cewa matata ta shanye ni, ku matso kusa, yau ranarku ce.

Da gajiya abin ya fara. Ina aiki a shagon soyayyar hanta a unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, kusa da tashar bas, tsayuwa tun asuba. Sai tsayuwar ta soma gagara ta. Gaɓoɓin yatsuna suna ciwo, gemuna yana zubewa, fatata ta yi wani duhu kamar an shafa mini toka.

Sannan abin da namiji ba ya son faɗa: sha'awa ta mutu murus, ga aurena ko shekara bai yi ba.

Na yi wautar gaya wa Kawu Sale, yayan Ummana. Kowane dangi na da irinsa. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma babu ciwon da bai san maganinsa ba. Ya ja fatar idona da yatsa, ya ce, "Ya walad, ba ka da jini. Khalas, an gama."

Kafin Juma'a duk majalisarsu ta unguwar Misfala ta san sirrin ɗakina. Dattawa da furfurarsu, ba aikin fari ba na baƙi, suna ƙyafta wa juna ido in na wuce.

Kawu ya haɗa ni da kwalaben maganin ƙarin jini, ya ce in ci hanta safe da yamma. Wata bakwai ina ɗirka, ina ƙara lalacewa, shi kuwa yana cewa ciwon ne ke fita.

Haka ya yi wa babban wanmu, Yaya Usman, shekara shida da suka wuce. Shi ma gajiya, shi ma kwalabe. Zuciyarsa ta tsaya yana da shekara ashirin da tara. Aka ce kwana ya ƙare, ban kuwa musa ba.

Ranar da na yanke jiki na faɗi gaban kasko aka kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka tura ni cikin na'ura mai ƙara don hoton hanta da zuciya, aka gwada ƙashi. Inshorar wurin aiki ta ƙi biyan gwajin ciwon gado, matata ta sayar da awarwaronta. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga fuskar Usman a madubin banɗaki.

Likitar, wata 'yar Sudan, ta ɗaga kwalbar da na zo da ita.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Kawuna."

"Likita ne?"

"Tsohon direban bas ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ciwona na gado ne, sunansa hemokromatosis. Jikina yana zuƙar sinadarin ƙarfe daga abinci ba ya tsayawa. Ƙarfen ya taru a hanta, ya fara taɓa zuciya, ya lalata wata ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin sinadarin mazantaka. Shi ya sa gemu da sha'awa suka tafi. Ƙashina ya yi rauni, wasu sinadaran jikin kuma sun yi ƙasa. Wato wata bakwai ana zuba wa gobara fetur.

Magani? A cire jini. Kowace Alhamis leda guda, kusan rabin lita, sai allurar mazantaka da ƙwayoyin ƙashi.

Likitar ta ce lallai in kawo 'yan uwana a gwada su. Ɗaya ya rage mini, ƙanena Faisal, ɗan shekara ashirin da biyu.

Nan Kawu ya yi tsalle ya dire. "Ciwon gado? A gidanmu? Wa zai ba ku aure, wa zai auri 'ya'yana? A rufe maganar nan!" Mutumin da ya baza sirrina a majalisa, yau shi ke wa'azin rufin asiri. Umma ta ƙyale shi, don yayanta ne.

Sati biyu bayan nan na shiga ɗakin Faisal, na ga irin kwalbar a kan tagarsa.

"Wallahi ya akhuya, lafiyata ƙalau," ya ce. "Bas gajiya ce kawai."

Kalmar Usman ke nan. Ban nemi izinin kowa ba, na sa shi a mota.

Shi ma yana da ciwon. Amma zuciyarsa lafiya lau, an kama abin da wuri.

Yanzu gemuna ya dawo, na koma aiki, ina soya hanta ba na ci. Allurar dai sai abin da hali ya yi, wataƙila har abada, kuma ba na jin kunyar faɗa. Alhamdu lillahi. Na gode wa matata da ba ta taɓa goranta mini ba, da likitar, da ma'aikatan da suka san jijiyar hannuna fiye da ni.

Shawarata: kada ka sha maganin ƙarin jini sai an gwada an ga kana buƙata. Saurayin da ƙarfinsa da sha'awarsa suka tafi, ya je asibiti, ya ce a duba ƙarfen jikinsa. In an samu, a gwada duk 'yan ɗakinku, mai fushi ya yi ta yi.

Kawu, na san za a karanta maka wannan a majalisa. To a ƙarasa maka.

Ranar da sakamakon Faisal ya fito, Umma ta bi gida tana tattara kwalabe tana juyewa a kwata. Daga ƙarshe ta buɗe akwatin Usman, wanda ba ta taɓa ba tun rasuwarsa. A ƙarƙashin rigunansa akwai kwalba ɗaya, saura rabi, da rubutunka a jiki: cokali biyu, safe da yamma.

Wannan ba ta zubar ba. Ta ce in ka zo gaisuwar Juma'a, hannu da hannu za ta ba ka.