Babarbaren Gidanmu

Kwanan baya na ji a rediyo ana labarin wasu mutanen da can na bakin tekun Sham, wai Finisawa, masu loda kaya a jirgi su bi gari gari suna ciniki, duk inda suka sauka su bar wa mutane rininsu da rubutunsu. Mai labarin sai yabonsu yake yi. Ni da ma matansu aka tambaya, domin na auri irinsu. Nawa dai kwale-kwale gare shi, tekunsa kuma kogin Haɗeja.

Ba a daɗe da tafiyar Turawa ba maigidana ya fara fatauci ta ruwa. Idan kogi ya cika ya malale fadamu, shi da abokan tafiyarsa su loda shinkafa da tabarmin kaba da bandar kifin da nake yi, su gangara gabas wajen Gashuwa, su dawo da kanwa da gishirin mangul. Kanwa da gishiri ban taɓa ƙinsu ba. Abin da yake ɗorowa a kansu ne ya dame ni.

Da gaisuwa ya fara. Mutumin da aka yanke wa cibiya a bayan kasuwar Haɗeja ya zauna a zaure yana yi wa maƙwabta wushe-wushe irin ta Barebari, yana jan murya kamar kakansa ne ya haƙa tafkin Chadi. Daga baya ya zo da hularsu, ya zo da turaren wuta. Turaren nan ya kunna shi a kasko dab da inda nake bandar kifi, tarwaɗata ta fito tana ƙamshi kamar za a kai ta ɗakin miji. Sannan aka gano tuwona ya cika tauri. Wai a can nasu laushi gare shi, ba sai an tauna ba. Na ce masa kwale-kwalen yana da fili, ya ɗauko mai tuƙa shi a tafiya ta gaba.

Abin haushin, mutane suka bi shi. Kan ka ce me, samarin unguwa sun koma wushe, matan da suka yi mini dariyar kifi suna aiko a sammusu turare. Shi kuwa kansa ya ƙara girma, har hular ta fara yi masa kaɗan.

Wata rana yana wanke hannu ya ce mini ya sami fili a can, a zangon da fataken Haɗeja suka kafa a bakin ruwa, kuma idan kogi ya sake cika za mu ƙaura gaba ɗaya. A lokacin uwata tana bayan gidanmu, idonta ya tafi, ni ke kai mata tuwo, ni ke yi mata wanka. Ba mai ɗaukar tsohuwar nan a kwale-kwale, kuma ba wanda zan bar wa ita. Mace ba ta ce wa miji ba za ta ba. Sai na ce ba na kai tukunyata inda ban ga murhun ba, ya tafi da ni in gani. Ya yi dariya ya yarda, yana tsammanin wurin zai ruɗe ni. Na bar tsohuwa a hannun wata maƙwabciya.

Na zauna a kan damin tabarmi, sauro yana cin rabonsa, ni kuma ina kallon mijina. Muna hango rumfunan zangon na ga ya cire hular Barebari ya cusa a jaka, ya ciro tsohuwar hularsa ta gida wadda na yi zaton ta ɓata. Da muka sauka, ko wushe ɗaya ban ji daga bakinsa ba. Sannunku yake ta yi, Hausa tsantsa, su Barebarin suna ƙoƙarin mayar masa.

Matar mai masaukinsa ta kawo mini abinci. Na buɗe akushi na ga tuwon shinkafa mai tauri, irin nawa, da miya ta sha daddawa. Ta ce ai maigidana ne ya dame su da cewa tuwonsu koko ne, har ya kwatanta musu yadda matarsa take yi. Ta kai ni wurin bandarsu, na tarar suna lanƙwasa tarwaɗa su soke wutsiya a baki da tsinke, yadda uwata ta koya mini. Naɗin Haɗeja suke ce masa. A waje kuma ga maigidana can an kewaye shi, yana ba da labarin ganuwar garinmu da kasuwarmu, har ni da aka haifa a ciki na so in je in gani.

Da muka juyo, abokan tafiyarsa suna tura jirgi da gora, shi kuwa ya sake ciro hular Barebari yana karkaɗe ta.

"Malam," na ce, "in mun ƙaura can, wa za ka riƙa yi wa wushe? Yaron goye ya fi ka iya ta. Labarin Haɗeja kuma, wa zai zauna jinsa daga bakin wanda ya daina zuwa Haɗeja?"

Ya dubi hular, ya dubi ruwa. "Ɗage ƙafarki, jirgin yana yoyo," ya ce.

Da kogi ya sake cika, ya loda kayansa ya tafi ya bar ni a gida kamar kullum. Da maƙwabta suka tambayi zancen ƙaura, ya ce ya bincika ya ga filin ruwa yana cinsa. Na gaskata shi a gaban mutane. Haka ya ci gaba da kai musu mu yana kawo mana su, har aka tare kogin can sama, ruwa ya ja baya, manyan motoci suka karɓe fataucin.

Uwata ta rasu a ɗakinta, kanta a cinyata. Ɗakin yana ƙamshin turaren nan nasa, domin ita ma tun da ta shaƙe shi sau ɗaya ba ta yarda a kwana ba a kunna mata ba.